Yarinyar da Ta Ƙi Ɗaga Hagu

Shekarun baya da ɗan dama, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, aka ɗauke ni koyarwa a wata makarantar firamare da ke wajen Ƙofar Gayan. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, gemu bai gama tofowa ba, amma ji nake duk Zariya babu wanda ya kai ni sanin yadda ake koyar da yaro. Kullum da safe nakan hau keken yayana daga gidanmu a Ƙofar Kibo, in maƙala biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi, don duk wanda ya gan ni a hanya ya san malami ne ya wuce.

Ɗaukar gwaji aka yi mini. Ƙa'idar ita ce sai sufeto ya zo daga ofishin ilimi ya zauna a ajinka, ya ga yadda kake koyarwa, ya rubuta rahoto. In rahoton ya yi kyau a tabbatar da kai a aiki, in bai yi ba a sallame ka. Ni ne na farko a ɗakinmu da ya samu aikin gwamnati, kuma mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk wadda ta shigo gidanmu, har da mai tallan kuka. Saboda haka maganar sallama ba abin da zan iya ko tunaninsa ba ne.

Aji uku aka ba ni. Yaran sun haura sittin, wasu a benci, wasu a ƙasa, littafin karatu kuwa bai kai ashirin ba, yara uku ko huɗu ke haɗa kai a kan guda. Na koyar da su yadda aka koyar da ni: in karanta layi, su amsa, in sake, su sake. Yaran birni kuwa ba a gaya musu hadda. Tun suna ƙanana suke makarantar allo, kunnensu ya saba, in ka maimaita abu sau uku ya zauna. Kafin wata biyu ajina ya haddace rabin littafin. In suka ɗauka da murya ɗaya har bakin titi ana ji, matan gidajen da ke bayan ajin ma sun iya darasinmu. Haka lissafi. Jadawalin sau, daga biyu har sha biyu, rera shi suke kamar waƙa, ni kuma ina kai da kawowa a gaban allo da bulala a hannu, kaina na ƙara girma.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Wata rana na ce a buɗe shafi na gaba, na yi kuskure na ja musu layin farko na darasin jiya, sai ajin gaba ɗaya ya zarce da na jiyan, idonsu a kan sabon shafi, yatsunsu na bin layi. Wata rana kuma na tambayi wani yaro bakwai sau huɗu, sai ya rufe ido ya faro daga bakwai sau ɗaya, yana kaɗa kai. Dariya na yi na wuce. Abin da ba na son gani ne, don haka ban tsaya na dube shi ba.

Ranar wata Litinin hedimasta ya kira ni ofis ya ce sufeto zai zo ranar Laraba, kuma ajina zai shiga. Ya ƙara da cewa in shirya, don wannan dattijon ba ya son karatun taro. Yakan sa malami ya rubuta abu a allo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana baya yana duba hannu nawa suka tashi. Da na koma aji sai na ce bari in gwada. Na tsinto kalmomi daga cikin darasin da suka fi iyawa, na rubuta su a warwatse, na dinga nuna yaro ina cewa ya karanta. A cikin yara sittin da ɗoriya, waɗanda suka iya ba su fi goma sha biyar ba. Sauran sai su kalli allo, su kalle ni, su jira in ja musu baki.

Da aka tashi tara na samu abokina a gindin darbejiya yana cin ƙosai. Shi ke riƙe da aji biyar, ya girme ni a aikin da shekara huɗu, kuma ba abin da ke ɗaga masa hankali a duniya. Na gaya masa halin da nake ciki. Sai da ya cinye ƙosansa ya goge hannu, sannan ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, kowa da ka gani an tabbatar da shi da 'yar dabararsa. In gaya wa yaran duk tambayar da na yi, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni kuma in dinga zaɓen masu dama. Sufeto yana baya, hannuwa kawai zai gani sun cika aji.

Wallahi a lokacin ban ji ko ɗar ba. Gani na yi Allah ne ya kawo mini mafita. Ranar Talata ba mu yi karatu ba, ɗaga hannu muka yini muna gwadawa, har sai da na tabbatar kowa ya bambance damansa da hagunsa. Na ce musu wannan sirrinmu ne, ni da su. Suka yi ta murna, don yaro yana son a ce ya riƙe sirri da babba.

A cikinsu akwai wata 'yar siririyar yarinya da ke zama can ƙarshen benci kusa da taga. A hannun kakarta take, a wajen Ƙofar Jatau. Ba ta da surutu, kuma ko alli za ta miƙo maka sai ta durƙusa ta ba ka da hannu biyu. In ana karatun taro muryarta na cikin masu tashi, amma a gwajin ranar Litinin ko kalma ɗaya ba ta iya ba. Na riga na sa ta a lissafin masu hagu, ban ƙara tunawa da ita ba.

Ranar Laraba sufeto ya iso a kan wani tsohon babur. Dattijo ne mai furfura, gajere, da tabarau mai kauri. Ya amsa gaisuwar yara, ya ƙi kujerar da na ba shi, ya je can baya ya matsa wani yaro ya zauna a gefen benci. Na fara darasi. Na rubuta kalma, na ce wa zai karanta, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Na zaɓi mai dama, ya karanta daidai. Na sake, aka sake. Muka juya lissafi, haka. Ina satar kallon dattijon, na ga yana gyaɗa kai yana rubutu, sai na ji har muryata ta canza, na fara tafiya irin ta manyan malamai.

Saura kaɗan a tashi na rubuta jimla ta ƙarshe. Da na juyo sai na hango yarinyar nan ta bakin taga da hannun dama a sama. Na yi mamaki, na kuma ji daɗi. Na ce a raina ashe ta iya, kunya ce ta hana ta ranar Litinin, bari in rufe da ita sufeto ya ga har 'yan bayan aji ba a bar su ba. Na nuna ta.

Ta miƙe tsaye. Ta dubi allo, ta dubi ƙasa. Na maimaita tambayar, na ɗan ja mata harafin farko, ta kasa ɗorawa. Sai dattijon ya yi magana daga baya, a hankali.

"'Yata, ba ki sani ba ne?"

"Ban sani ba," in ji ta.

"To, me ya sa kika ɗaga hannu?"

"Malam ya ce kowa ya ɗaga. Wanda bai sani ba ya ɗaga hagu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni kuma Inna ta ce ba a ɗaga wa babba hannun hagu. Jiya da na gaya mata ta ce kada in kuskura, balle ga baƙo."

Har yau ina iya ganin ajin nan. Akwai yaran da hannunsu ke sama har lokacin, sun manta ba su sauke ba, kusan duka na hagu. Sai suka fara saukewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa gumi ya karyo mini, allin da ke hannuna ya jiƙe. Ashe tun farkon darasin hannun dama yarinyar take ɗagawa, Allah ne kawai bai kai idona kanta ba sai a ƙarshe.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce yara su fita su sha iska. Da ajin ya zama daga ni sai shi, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga, ni ina tsaye kamar wanda aka dasa.

"Malam," ya ce, "ni baƙo ne, awa guda zan yi in tafi. In ka ɓoye mini su, ba abin da na rasa. Su fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure."

Ya ce ya sani. Ya ce abin da ya rubuta tun da safe ba zai kai ofis ba, kuma ba zai rubuta wani yau ba. Zai dawo kafin ƙarshen zango mai zuwa, ba zai faɗi rana ba. In ya zo shi zai yi rubutu a allo da hannunsa, kuma yarinyar nan zai tayar. In ta karanta, zai sa hannu a takardata. In ba ta karanta ba, zai rubuta abin da ya gani yau, duka. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce ko hararar yarinyar ya ji an yi, ba sai an jira zango mai zuwa ba.

Zan so in ce muku nan take na tuba na gane gaskiya, amma ƙarya nake in na faɗi haka. Haushin yarinyar na kwana da shi. Ina ta cewa a raina yara sittin sun riƙe amana, ita kaɗai ce mai kaka? Abokina kuwa da ya ji labari dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce shi a shekara huɗu bai taɓa gamuwa da irin wannan ba.

Washegari ba ta zo makaranta ba. Ranar Juma'a ma haka. Da na bincika sai na ji 'yan ajin ne suka bi ta a hanya suna cewa ta sa an kori Malam. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki keke na nufi Ƙofar Jatau ina tambayar gidansu. Kuma don kada ku yaba mini, ba tausayi ne ya kai ni ba. Aikina ne ke rataye a bakin yarinyar, in ta daina zuwa na gama yawo.

Na yi sallama a zaure, aka shiga aka faɗa. Tsohuwar ta fito da kanta tana dafa bango, ta zauna a dakalin zauren, ni na tsuguna. Bayan mun gaisa ta ce yarinya kwana biyu ke nan tana kuka, ta ce ta yi wa Malam laifi. In laifi ne a yi haƙuri, amma ita ce ta hana ta, don ba ta raini yarinyar da za ta miƙa wa manya hagu ba. Dole na buɗe baki na gaya mata yadda abin yake, tun daga farko. Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Ta saurara har na gama. Ba ta yi mini faɗa a kan dabarar ba, wani abu daban ne ya tsaya mata.

"Tsaya, Malam. Kana nufin ba ta iya karatun ba?"

Na ce ba ta iya ba tukuna.

"To, wanda take yi mini fa? Kullum in ta dawo sai ta aro littafi a maƙwabta, ta zauna a gabana ta buɗe, ta yi ta karantawa har shafi ya ƙare. Ni ban san boko ba, amma ina jin daɗi. Shekara uku ke nan ina cewa jikata ta iya karatu."

A nan ne haushin ya fita daga raina, kunya ta maye wurinsa, kuma ita ce ta zauna. Na roƙi tsohuwar ta turo ta ranar Litinin, na ce in Allah ya yarda za ta iya. Ta ce Allah ya yarda, amma a yadda ta faɗa na san ba ta ƙara sakin jiki da maganar malamin boko ba.

Matsalar ita ce ban san yadda zan yi ba. Na iya sa yara su haddace, ban iya sa su karanta ba. A makarantar akwai wata malama babba da ke riƙe da aji ɗaya tun kafin in shiga firamare. Mu samarin malamai mukan ɗan raina ajinta, muna cewa reno take yi. Na haɗiye girman kaina na same ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ta ji labari, har ta ɗauka abokin nawa zan koma wa ya ƙaro mini wata dabarar. Sannan ta buɗe kabad ɗinta ta fito da wata tsohuwar jaka cike da 'yan guntayen kwali, kowanne da gaɓa ɗaya a rubuce: ba, ki, ro, su, da sauransu. Ta ce yaranmu kunnensu ya fi idonsu gudu, don haka duk abin da ka ba su a jere za su haddace. Maganin kawai ka hana su jeri. Ka cakuɗa, ka zaro ɗaya, ka ce mene ne wannan. In ya gane, ka ajiye wani kusa da shi, ya haɗa da kansa. Ta ce yawancin yaran nan a hannunta suka fara, amma aji ɗaya ba ya isa, in na gaba bai ɗora ba sai su koma waƙa.

Na bi shagunan unguwarmu ina roƙon kwalin sabulu da na sukari, na zauna na yanka, na rubuta. Na raba ajin gida-gida, na sa waɗanda suka iya su zauna da waɗanda ba su iya ba, kowane gida da tulin kwalinsa. Na rufe littafin karatu na sa a kabad. Ta fannin lissafi kuma malamar ta ce in sa kowane yaro ya zo da tsinken tsintsiya. Muka kakkarya su, muka ɗaure goma-goma da zare. In aka ce ashirin da uku, yaro ya ajiye ɗauri biyu da tsinke uku. In aka ce a ɗebe bakwai, ya ga ukun ba za su isa ba, sai ya kwance ɗauri guda da hannunsa. Yaran da suka shekara suna rera “a aro ɗaya” ba su san me ake arowa ba, ranar suka gani da idonsu. Iyaye mata dai sun yi ƙorafi, don tsintsiyoyin gidaje da yawa sun rame a zangon nan.

Ajina ya yi tsit, sai 'yar hayaniya ƙasa-ƙasa. Hedimasta ya leƙo sau biyu yana tambaya ko lafiya, ya ce ya daina jin karatu. Wani uba ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce da can ɗansa yakan dawo da darasi a baki, yanzu sai “ba” da “bi” kamar ɗan aji ɗaya, ko baya muke komawa? Abokina ya laƙaba wa ajina suna, wai aji ɗaya na manya. Ni kaina akwai ranakun da na ji kamar in buɗe kabad in ɗauko littafin, mu rera abinmu kowa ya huta.

Yarinyar ta dawo, amma tafiyarta a hankali take. Ta saba da canka. In na ɗaga kwali, fuskata take kallo maimakon kwalin, tana neman amsa a bakina. Sai na koma tsayawa a bayanta in miƙo kwalin ta gabanta. Makonni suka wuce tana gane gaɓa amma in an haɗa biyu sai ta rikice. Duk ƙarar babur da na ji a bakin makaranta sai gabana ya faɗi.

Wata safiya, muna cikin zangon ƙarshe na shekara, ta zo teburina kafin a fara darasi, ta durƙusa, ta ce tana da magana. Ta ce a bangon da ke kusa da gidansu an rubuta an hana zuba shara a nan. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce ba kowa, ita ta tsaya ta haɗa. Sannan ta ƙara da cewa, cikin damuwa, kuma mutane suna ta zubawa. Na ce ta je ta zauna. Na juya na yi kamar ina goge allo, don bai kamata yara su ga idon malaminsu a yadda nawa yake ba.

Sufeto ya dawo saura mako biyu a yi hutu, ranar da ban zata ba. Bai zauna ba. Ya karɓi alli a hannuna ya ce in tsaya a gaban tebur in fuskanci yara, kada in juyo. Ya ce wa ajin zai yi rubutu, kada wanda ya karanta da ƙarfi, kowa ya karanta a zuciyarsa. Ina jin ƙarar alli a bayana, ban san me yake rubutawa ba. Abin da nake gani kawai fuskokin yara.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Yan gaba suka zaro ido, suka toshe baki. Can sai wani a tsakiya ya gama haɗa nasa, leɓensa na motsi, ya fashe da dariya ya sunkuyar da kai. Sai wata, sai wani. Kowane yaro ina ganin lokacin da maganar ta isa kansa. Dattijon ya nuna yarinyar ya ce ta taso ta aikata abin da aka rubuta.

Ta taso ta tsaya a gaban allo. Ta daɗe, ina jin numfashinta, tana bin gaɓoɓin ƙasa-ƙasa. Sannan ta tsaya cak. Ba ta motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, na fara tunanin yadda zan shiga ɗakin mahaifiyata da labari.

"Yaya, 'yata?" in ji dattijon.

Ta ce, "An ce in cire hular Malam in ɗora a kan tebur. Don Allah a yi haƙuri, ni ba zan cire wa Malam hula ba."

Ajin ya kwashe da dariya, dattijon ma ya yi, har tabarau na zamewa. Ya ce ta koma ta zauna, Allah ya yi mata albarka. Ya ba wasu yara lissafi, suka kwance tsinkayensu suka yi. Sannan ya zauna a kujerata ya rubuta rahotonsa, ya sa hannu a gabana. Da zai tafi ya tambaye ni ko na kalli fuskokinsu lokacin da yake rubutu. Na ce na kalla. Ya ce to ba sai ya gaya mini sauran aikin da ke gabana ba.

Na san abin da yake nufi. A cikin masu dariyar nan akwai waɗanda tasu ta makara. Sun kalli allo ba su ga komai ba, suka kalli na kusa da su, suka ga ana dariya, sai su ma suka yi. Sun kai goma. Akwai wani yaro mai faɗin fuska a layi na uku da ya fi kowa ƙyaƙyatawa, kuma na san ko harafin farko bai gane ba. Mako biyu suka rage mini da su. Aka yi hutu, aka dawo, suka wuce aji huɗu gaba ɗayansu, don a lokacin ba a cika riƙe yaro ba, ni kuma aka ba ni sababbi.

An tabbatar da ni, na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa kafin in yi ritaya. Yarinyar ta gama firamare da karatunta daram, daga baya suka tashi daga unguwar, ban ƙara jin labarinta ba. In na ba da wannan labari a cikin malamai, a nan nake tsayawa, a yi dariya, a ce Malam ka sha da ƙyar. Kuma gaskiya ne, abin da na koya a zangon nan ya fi abin da na koya a kwaleji. Na gane cewa aji mai ƙara ba shi ne aji mai karatu ba, kuma yaron da ya ce bai sani ba ya taimaki malaminsa fiye da wanda ya rufa masa asiri. Amma in ni kaɗai ne, ba yarinyar nake tunawa ba. Rabin shekarar da na ɓata ina jin daɗin muryarsu nake tunawa, da abin da zai yiwu a yi da ita.

Yaron nan mai faɗin fuska yana nan a birni. Ya zama magidanci, tela ne, har ya fara furfura. Duk inda ya gan ni sai ya sauka daga babur ya gaishe ni. Bara na je shagonsa karɓar ɗinki, sai ya zaro wata takardar asibiti daga aljihu, ta matarsa, ya ce in duba masa ranar da aka ce su koma, wai ya baro tabaransa a gida. Na karanta masa. Ban taɓa ganinsa da tabarau ba.

Muna cikin haka 'ya'yansa biyu suka shigo daga makaranta. Ya ce su durƙusa su gaishe ni, ya dafa kafaɗar babban.

"Kun ga wannan? Malamina ne na aji uku. Shi ya koya mini karatu."

Yaran suka gaishe ni, na amsa. Na karɓi ɗinkina na fito, sai da na kai bakin titi na tuna ban yi masa sallama ba.